Shataletale Mai Layi Biyu da Rayukan Masu Babur

Shataletale dabara ce ta rage haɗari a mahaɗar hanyoyi. Injiniyoyi sun ƙididdige wurare 32 da ababen hawa za su iya cin karo a mararraba mai hanya huɗu, alhali a shataletale mai layi ɗaya 8 ne kacal. Sai dai da zarar an ƙara layi na biyu, wani haɗarin yakan kunno kai. Motar da ke layin ciki takan yanko domin ta fita, ta ture babur ko keken da ke raɓe a layin waje. Direban babbar mota kuwa sau da yawa ba ya hango wanda ke kusa da shi ta dama.

Wannan batu ya shafi Rano da Kibiya ƙwarai. Dokar hana acaɓa ta 2013 ta tsaya ne a birnin Kano da kewayensa. A waɗannan garuruwa biyu babur ne ke kai buhun masara kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti, ɗalibai kuma a kan keke suke zuwa makaranta. Saboda haka, duk ranar da aka tashi gina shataletale a nan, kuskure ne a kwaikwayo na birni mai faɗi, domin faɗin titi gayyatar gudu ne.

Abin da ya dace shi ne a tsaya ga layi ɗaya muddin zai wadatar. Idan cunkoso ya tilasta layi biyu, akwai darasi daga ƙasar Holan, inda injiniya Bertus Fortuijn ya fito da wani tsari a 1996. Direba yakan zaɓi layinsa tun kafin ya shiga, sannan ɗan tudu tsakanin layukan ya hana shi yanke wani a ciki. Masu keke kuma akan ware musu hanyarsu daban. Amma kada a ɗauko tsarin ido rufe, don tudun da ke tsare mota yana iya kayar da babur mai ɗauke da kaya. Wajibi ne ya zama gajere, mai fenti, ga kuma fitila da dare.

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Gyara a kan takarda ya fi sauƙi a kan fasa kwalta bayan an yi jana'iza.