Hannun Tommy John da hannun ɗan damben Wonaka

A ranar 17 ga Yulin 1974, wani bahagon ɗan wasa mai suna Tommy John ya wurga ƙwallo a birnin Los Angeles na Amurka, sai jijiyar da ke riƙe gwiwar hannunsa ta tsinke. Shekarunsa 31 a lokacin, yana kan ganiyarsa: ya ci wasa 13 a kakar, uku kawai ya faɗi.

Wasan besbol ba a san shi sosai a Arewa ba, amma aikin John bai da wuyar ganewa. Shi ne mai jifa. Zai wurga ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani na tsaye da kulki yana jiran ya maka ta, kuma yakan yi jifa kusan ɗari a wasa guda. Hannu ɗaya ne jarinsa, in ya lalace sana'a ta ƙare. Haka ta faru da Sandy Koufax, gwarzon ƙungiyar Dodgers, wanda ciwon gwiwar hannu ya sa ya ajiye wasa a 1966 yana ɗan shekara 30.

John, wanda shi ma ɗan Dodgers ne, ya taki sa'a. Likitan ƙungiyar, Frank Jobe, ya gwada abin da ba a taɓa yi wa mai jifa ba. A watan Satumban 1974 ya ciro jijiya daga hannun damansa ya dasa a gwiwar hagu. Shi kansa likitan ya ƙiyasta cewa damar komawarsa fili ɗaya ce cikin ɗari. John ya yi zaman jinya duk shekarar 1975, ya dawo a 1976, bai bar wasa ba sai 1989 yana da shekara 46. Wasa 124 ya ci kafin tiyatar, bayanta ya ci 164. Har yau da sunansa ake kiran wannan aiki.

Ana yawan ba da labarin a matsayin na juriya. Juriyar na nan, amma ba ita kaɗai ba ce. Mutumin yana da likitan ƙungiya, yana da inda zai koma bayan shekara guda da rabi ba ya aiki, sannan 'yan wasan babbar gasar besbol ta Amurka suna da tsarin fansho tun 1947.

To, a duba wanda ya fi kama da shi a Zamfara: ɗan dambe. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, saurayi daga Wonaka ko ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu zai naɗe hannu ɗaya da zare ya shiga fili. Wannan hannun shi ne mashinsa, da shi yake kisa, da shi yake samun kari. Kuma da shi ne zai riƙe fartanya in damina ta faɗi. Nan ne asararsa ta fi ta John muni, domin in yatsu ko wuyan hannu suka karye, dambe da noma ne ke tsayawa tare.

Wa ke biyan kuɗin magani? Galibi shi da iyayensa, sai ko wani maigida mai tausayi. Daga nan sai gidan maɗori. Maɗora na da gwanintarsu wajen karaya, amma jijiyar da ta tsinke ba ta ɗoruwa da tsinke da tsumma. Masu kallo kuwa, da an buga kalangu wa sabon gwani, sun manta da na jiya. Waƙoƙin Ɗan Anace sun adana sunan Shago. Sa'o'insa nawa ne aka san yadda suka ƙare?

Ba wanda ke cewa a kawo fanshon Amurka filin dambe. Abin da ake nema ƙarami ne. Duk inda ake karɓar kuɗin ƙofa, a ware wani kaso na jinya kafin mai gida da makaɗa su raba. Ƙungiyar 'yan dambe ta jiha ta yi rajistar mambobinta a tsarin taimakekeniyar lafiya, yadda wanda ya ji rauni zai isa asibiti a Gusau, in ta kama a tura shi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Sannan a hana wanda hannunsa ya kumbura sake naɗe shi washegari, ko da shi ne mai jawo 'yan kallo.