Masu cewa fim ɗin Chaina ƙarya ce zalla, ku matso mu yi magana

Jama'a, yau da 'yan ajinmu nake, da duk wani ɗalibi da ke karatu a Kafanchan ko Gidan Waya. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Akwai wani sabon salon nuna wayewa da ya shigo ɗakunan kwananmu. Da zarar an ga mutum yana kallon fim ɗin Chaina, irin wanda jarumi ke tashi sama da takobi ko yake faɗa da dodo, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Kai har yanzu kana kallon wannan ƙaryar? Ka girma mana." Ni kuwa na ce wannan magana ba wayewa ba ce, ƙarancin bincike ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu faɗar haka su ne kan gaba wajen haɗiye ƙaryar da ta fi wannan haɗari.

Mu fara da Sarkin Birai, Sun Wukong, wanda kowa ya san sandarsa. Biri dai bai taɓa yin magana ba, wannan ko yaro ya sani. Amma malamin da birin ke yi wa rakiya mutum ne na gaske. Sunansa Xuanzang, malamin addinin Buddha, ya bar ƙasar Sin ya ratsa hamada da duwatsu har Indiya, ya yi kusan shekara 16, ya dawo a 645 da littattafai 657. Sai bayan ɗaruruwan shekaru aka ɗora wa tafiyarsa biri da alade da aljanu, littafin ya fito a 1592. Wong Fei-hung da Jet Li ya fito a matsayinsa a 1991, shi ma mutum ne, mai maganin gargajiya a birnin Guangzhou, ya rasu a 1925, an yi finafinai sama da 100 a kansa. Shi kuwa Creation of the Gods na 2023, duk da tsafi da dodannin da ke ciki, an gina shi ne a kan faɗuwar daular Shang, wajen shekara 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Kun ga dabarar? Su kan ɗauki ƙashin tarihi na gaske, su lulluɓe shi da naman tatsuniya, su sayar wa duniya. Kuma ba ƙaramin ciniki ba ne. Ne Zha 2 da ya fito a farkon 2025 ya tara sama da dala biliyan 2, babu wani fim ɗin zane da ya taɓa kai haka. Wasan kwamfuta na Black Myth: Wukong ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku a watan Agustan 2024, mutane suka riƙa tururuwa zuwa tsofaffin wuraren ibada na lardin Shanxi don su ga inda aka kwaikwayo. Ko gidan Shaolin da muke ji, fim ɗin Jet Li na 1982 ne ya dawo da sunansa bakin duniya. Wannan ce "ƙaryar" da kake rainawa, malam.

To mu dawo gida, a nan ne abin kunyar yake.

A daidai zamanin da daular Shang ke faɗuwa, akwai mutane zaune a wannan ƙasar da muke takawa, suna noma, suna ƙera tukwane. Daga baya suka shahara da gasa siffofin mutane na yumɓu, suka kuma iya narka ƙarfe. Su ake kira mutanen Nok, sunan wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jaba, nan bayan Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono aikin hannunsu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai na yumɓu a Jos, wanda duniya ta sani da sunan Jema'a, wato sunan masarautar da muke zaune a cikinta. Kun san aikin da wannan kan yake yi kafin a kai shi? An kafa shi a gonar doya yana tsorata masu ɓarna. Wallahi da a Chaina ne, wannan kaɗai ya isa fim mai kashi uku.

Masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus sun zo tun 2005 suna tono, har suka baje kolin abin da suka samu a can ƙasarsu a 2013. A 2000 an nuna kayan Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, aka yi ta rigima a kan yadda suka bar Najeriya. Ɓarayin kayan tarihi sun san darajar abin, Turawa sun sani. Mu da motar Kwoi ke wucewa ta gabanmu kullum fa? Ku ɗaga hannu, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa taka Nok? Amma in aka ce bikin ƙarshen zango, ko kuɗin riga mai sunan ajinmu a baya, nan take za a haɗa.

Ga ruwan Matsirga yana zubowa daga kan dutse. Ga duwatsun Kagoro da bikin Afan duk ranar 1 ga Janairu. Ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta mayar da Kafanchan mahaɗa tun shekarun 1920, ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa tare da Fantswam da Bajju da Atyap da Ham a gari guda. Wane irin labari ne ba zai fito daga nan ba?

Kada wani ya ce mini haɗa tarihi da almara al'adar wasu ce. Ku je laburare ku nemi Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934. Ya fara da yaƙin da aka yi da Turawa na gaske, sannan ya wuce da jaruminsa duniyar aljanu. Labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu fa? Rijiyar tana nan a Daura har gobe. Kakanninmu sun iya wannan sana'a tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Mu ne muka yar.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Na ɗaya, "Ai kayan Nok gumaka ne." Babu wanda ya ce ka yi musu sujada. Sanin cewa wasu mutane sun rayu a nan, sun yi fasaha, sun shuɗe, ai wa'azi ne ma ga mai hankali. Na biyu, "Finafinan nan suna cin lokacin karatu." Gaskiya ne, wanda ya kwana yana kallo alhali yana da jarrabawa da ƙarfe takwas, shi ya jiyo. Amma wannan laifin rashin tsari ne, ƙwallon Turai ma tana yin haka, ban ga an kira ta yarinta ba. Na uku, kuma wannan ya fi nauyi, "Su ma suna cusa manufarsu." Ƙwarai kuwa. Fim ɗin Hero na Zhang Yimou, na 2002, ya sha suka cewa yana wanke sarkin da ya haɗe ƙasar Sin da ƙarfin takobi a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya sa nake cewa a kalla da ido biyu, a tambaya: wanne ne ya faru, wanne aka ƙara, wa ya ƙara, don me? Wanda ya ce "duk ƙarya ce" ya juya baya, bai koyi wannan tambayar ba, kamar dai wanda ya haɗiye duka.

A wannan yankin kuwa, iya wannan tambayar batun rai ne. Tatsuniya tana da mutunci: tana sallama da "ga ta nan", tana rufewa da "ƙurunƙus", ta faɗa maka da bakinta cewa ƙirƙira ce. Fim ɗin da mutum ke tashi sama ma haka, bai taɓa rantse maka cewa jiya abin ya faru ba. Wadda ke kisa ita ce ƙaryar da ke zuwa cikin rigar gaskiya: muryar da aka turo a WhatsApp, "yanzu-yanzu an tare hanya", da hoton wata ƙasa an ce Zonkwa ne. Iyayenmu ba su manta watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikici ya tashi a harabar kwalejin ilimi ta nan Kafanchan, kafin a ankara ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Daga cikin ɗalibai ya fara, irinmu. A lokacin ma babu waya a aljihun kowa. Yau kuwa ɗan'uwan da ke dariyar mai kallon dodo, shi ne zai tura saƙon da bai tantance ba zuwa zaure biyar cikin minti ɗaya. Tsakani da Allah, wa ya fi wani yarinta?

Don haka ga abin da nake nema, ba mai tsada ba ne. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai, na Musulmi da na Kirista da na garuruwa, ku haɗa mota ɗaya a zangon nan mu je Nok tare. Masu neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kai, ku je wajen tsofaffin garinku da waya ku naɗi labaransu tun suna raye, ku rubuta wa ya faɗa, yaushe, a ina. Masu iya rubutu da masu iya haɗa bidiyo, ku ɗauki labari ɗaya ku sa masa fukafukai yadda kuke so, amma ku gaya wa mai kallo inda tarihi ya tsaya da inda ku kuka ɗora.

Wanda bai yarda da ni ba, bismillah, fili na nan a ƙasa, amma ya zo da hujja, ban da zagi. Wanda kuma yake son zuwa Nok ya rubuta sunan sashensu, mu ga ko za mu cika mota.