Wa ke bin wa bashi?

Tun 2025 Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar tare da Faransanci, ga shi mu nan Tibiri muna ciniki da mutanen Kabi. To, mu lura da jerin kalmomi. Da Hausa, in mun ce "ƙungiya na bin ɗan kasuwa bashi", kuɗinmu ne ke hannunsa. Da Ingilishi kuwa, wanda aka sa kafin kalmar "owes" shi ya ci bashin: "The trader owes the group". In aka juya su, mu za mu biya! Lamba ma gaba take zuwa: buhu uku, "three bags". Kada mu dangwala yatsa bisa takarda sai ɗiyanmu na kwaleji sun karanta muna ita.