Wa ya raɗa wa gawo suna?

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Kano da rani, ya ratsa ƙasar Kance da Matamaye har Ɗan Barto, ya san abin da ke cika ido a gonaki: gawo ne kore shar, a lokacin da sauran itatuwa suka kakkaɓe. Da damina ta faɗi shi kuma sai ya zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare shi. Manomi bai taɓa ruɗewa da sunansa ba. Ruɗanin yana cikin biro. A tsofaffin takardun ma'aikatar gandun daji an rubuta Acacia albida, a takardun porje na yanzu kuwa Faidherbia albida, har sabon ma'aikaci ya zaci itatuwa biyu ne.

Ga yadda abin ya samo asali. A 1798 Napoleon ya kai yaƙi Masar, ya tafi da masana, cikinsu har da wani saurayi mai nazarin tsirrai, Alire Raffeneau Delile. Shi ne a 1813 ya buga bayanin icen, ya kira shi Acacia albida, daga reshen da aka tsinko a Masar. A 1934 wani Bafaranshen, Auguste Chevalier, wanda ya daɗe yana yawon Afirka ta Yamma, ya ce wannan ice ya bambanta da danginsa ƙwarai, ya kamata a ware masa gida nasa. Ya raɗa wa gidan sunan Louis Faidherbe, gwamnan mulkin mallaka na Senegal, mutumin da bai taɓa taka ƙasar Damagaram ba. Masana sun daɗe ba su bi shi ba, sai wajen shekarun 1980 sunan ya zauna.

Abin da ya kamata a gane shi ne, sunan Latinanci ba a iska yake rataye ba. Ƙa'idar masana ita ce kowane suna yana ɗaure da reshe guda takamaimai, wanda aka danne tsakanin takardu har ya bushe, aka manna shi a kwali, aka rubuta wanda ya tsinko shi, da wurin, da ranar. Bari mu kira shi reshen shaida. Idan gardama ta tashi a kan wane ice ake nufi da wane suna, gare shi ake komawa, kamar yadda masu awo ke komawa ga tiya. Ana ajiye waɗannan kwalaye a rumbunan busassun tsirrai. Na Paris yana da kusan miliyan 8, na Kew a Ingila kusan miliyan 7, tarin Delile kuwa yana Montpellier. Ƙa'ida ta biyu: in aka tarar an yi wa ice ɗaya suna biyu, wanda aka fara bugawa shi ke ci.

Labarin ɗorawa ya fi kowane nuna amfanin wannan aiki. A 1763 wani masani, Jacquin, ya ga icen a tsibiran Antiy na Amurka, inda ake kyautata zaton jiragen cinikin bayi ne suka kai irinsa, ya kira shi Mimosa biglobosa. Shekara sittin bayan haka Baturen Ingila Clapperton ya iso Kano a farkon 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abokin tafiyarsa, likita Oudney, wanda shi ne mai tattara tsirran, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Abin da suka tara ya isa Landan, kuma cikin bayanin da Robert Brown ya yi a kansa a 1826 ne ya ƙirƙiro sunan Parkia, don tunawa da Mungo Park, ya ce da ɗorawa Parkia africana. A 1955 wani masanin, Keay, ya ga kamar ɗorawar yankinmu daban take da ta yamma, ya ba ta sunan Parkia clappertoniana. Ɗorawa ɗaya, kalwa ɗaya, daddawa ɗaya, amma suna uku. Sai a 1983 Helen Hopkins ta jera tsofaffin kwalayen, ta gwada ganye da fure, ta tabbatar jinsi ɗaya ne. Sunan 1763 ya riga kowa, shi ya sa yau ake rubuta Parkia biglobosa.

Ko ayaba ba ta tsira ba. Linnaeus, uban wannan tsari, ya kira agade, wato wadda ake soyawa, Musa paradisiaca a 1753, ya kira wadda ake ci ɗanya Musa sapientum a 1759. Sai a shekarun 1940 Cheesman ya nuna duka biyun barbarar yanyawa ce ta wasu ayabobin daji biyu na Asiya, waɗanda wani Ba'italiye, Colla, ya riga ya bayyana tun 1820.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kullum ilimi ne kaɗai ke yanke hukunci. Bagaruwar da majeman Damagaram ke jima da ita, ita ce shaidar dukkan gidan Acacia. Da bincike ya nuna dole a raba gidan, bisa ƙa'ida itatuwan Afirka ne za su riƙe sunan. Mutanen Ostareliya, masu jinsi kusan 1,000 a gidan, suka nemi a ɗauke shaidar a mayar kan wani icensu. A babban taron masana na Vienna a 2005 fiye da rabin ƙuri'u sun ƙi, amma ana bukatar kashi 60 cikin 100 kafin a ture shawarar, saboda haka ta wuce. Aka sake tabbatar da ita a 2011, a taron da aka yi a Melbourne, wato a gidan masu ƙara. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia senegal. A ganina hujjar yawa ce ta rinjayi hujjar asali, kuma da rumbuna da masanan Afirka sun fi haka yawa a zauren, da wuya abin ya tafi haka.

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan. Da ruwansa. Ƙaron Gure da Maine da ake fitarwa waje, ma'aunin abinci na duniya da sunan Latinanci ya fayyace shi: daga dakwara ko dushe. Wanda ya cika buhu da ƙaron wani ice, ya rubuta sunan da ba nasa ba, kayansa ne za a ƙi a can bayan ya biya mota da duwan. Haka mai sayen iri ko saƙe-saƙin magani. Ma'aikaci ma haka. Dokar gandun daji ta 1974, wadda ta 2004 ta maye gurbinta, da Latinanci ta jera itatuwan da aka hana sarewa. Mai rubuta tara yana karanta Latinanci, wanda ake ci tarar yana jin Hausa, kuma sunan Hausa kan canza daga Maraɗi zuwa Damagaram, ko ya haɗa itatuwa biyu masu kama. Tsakanin harsunan biyu ba abin da ke raba gardama sai reshen da aka rubuta sunayen duka biyu a jikinsa.

An taɓa yin irin wannan aiki. Dalziel ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Peyre de Fabrègues da Lebrun sun fitar da jerin tsirran Nijar a 1976, sannan na farkon ya biyo da littafin sunayensu cikin harsunan ƙasa. Daga baya Paris ta ɗauki hoton miliyoyin kwalayenta ta zuba a intanet, yadda ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Zinder zai iya duba abin da Chevalier ya tsinka ba tare da neman biza ba.

Abin da ya rage namu ne, kuma ba mai tsada ba ne: tsofaffin jaridu, katako biyu, igiya, da kabad da gara ba ta shiga. Kowane biro na gandun daji, daga Matamaye zuwa Magarya da Mirya, zai iya danne reshen kowane icen ƙasarsa da furensa da ƴaƴansa, a rubuta ƙauye da rana, da sunan da tsofaffin manoma, makiyaya da masu magani suka ba shi, a aika kwafi ɗaya jami'a a sa masa na Latinanci. Furen gawo kan fito bayan ɗaukewar damina, lokacin ne ya kamata a fara da shi.