Kaka Ta Shigo Gari, Amma Ba Ta Shigo Labaranmu Ba



Ranar Lahadin da ta wuce na karanta wani gajeren labarina a taron ƙungiyarmu. Da na gama aka tafa mini, har kaina ya fara kumbura. Sai wani dattijo cikin iyayen ƙungiya ya gyara zaman gilashinsa ya ce, "Ɗana, labari ya yi daɗi. Amma a wane lokaci na shekara abin ya faru?" Na rasa ta cewa. Shafi goma sha biyu na rubuta, babu ruwan sama, babu zafi, babu ƙura. Jarumina ya fito daga falo mai iyakwandishan, ya shiga mota mai iyakwandishan, ya tafi zance. Da za a ce a Dubai aka yi labarin, babu abin da zai canza sai sunayen mutane.

Da na koma gida na buɗe littattafan da ke cikin wayata, waɗanda ake turowa a WhatsApp da na Wattpad. Na duba guda bakwai. Ciwon da ke jikina shi ne a jikin shida. Shi ya sa na ce yau sai mun yi maganar kaka, tunda ga mu a cikinta.

Ra'ayina shi ne, duk marubucin Hausa da bai san kaka ba, akwai rabin rayuwar mutanensa da bai sani ba. A kaka ake biyan bashin da aka ci da damina. A kaka ake sa ranar aure, a gyara ɗaki, a fitar da zakkar amfanin gona, dami ɗaya cikin goma ga wanda ruwan sama ya shayar da gonarsa. Gero ke riga zuwa gida, yara su gasa tumu, a tuge gyaɗa, a yi roron wake, ita kuwa dawa sai iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na taɓa rubuta cewa an girbe gero da dawa rana ɗaya. Kakata ta sa na maimaita mata wurin sau biyu, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai dai ɗan birni ne, tuwo kawai ka sani."

Ku ɗauki wasanni. Yawancinmu idan aka ce wasa a wannan lokaci, gidan kallon ƙwallo muke tunawa, domin gasar Firimiya ta Ingila a watan Agusta take farawa, ta Zakarun Turai kuma ta kankama a Satumba. Ni ma ina zuwa, kuma na sha yin musu a kan Arsenal har muryata ta dushe. Amma tun kafin a san janareto, kaka lokacin dambe ce. Mahauta ke bin garuruwa bayan an kau da amfanin gona, a naɗe hannu da zare, kalangu na tashi, a yi turmi uku ko a yi kisa. Har gobe akwai ɓangaren Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma har gobe ana jin waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago. A Nijar, tun 1975 ake kokawar neman takobi, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak tana saurare. A cikin littattafan da muka karanta bana, nawa ne jaruminsu ɗan dambe ne? Yaron da mahaifiyarsa ba ta so ya shiga fili, budurwarsa na tsoron a kayar da shi a gaban ƙawayenta, shi kuma yana neman kuɗin sadaki da hannu ɗaya. Wannan ba labarin soyayya ba ne?

Haka siyasa. Mun ɗauka rubuta siyasa shi ne a kawo Alhaji mai babbar riga yana rabon kuɗi a falo. Siyasar da ta fi taɓa mutane tana cikin buhu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko hatsi daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau ya zama abin lissafi. Manomi ya sayi taki da tsada, kaka ta zo farashi ya faɗi, bashi ya tilasta masa sayarwa, mai kuɗi ya saye ya ɓoye, da bazara manomin ya dawo yana awo a hannunsa. A wasu yankunan Zamfara da Katsina, sai an biya 'yan bindiga kafin a bar mutum ya girbe abin da ya shuka. Kuma a kaka ne rigimar manoma da makiyaya ke tashi, idan shanu suka shiga gona kafin a kwashe amfani. Mu da muke kuka da rashin jigo, ga jigo nan har ya yi yawa.

Na san wani zai ce masu karatu ba sa son labarin talauci, sun fi son gidan bene da jirgin sama. Akwai gaskiya a ciki, mutum na karatu ne don ya huta. Amma kaka ai lokacin wadata ce, lokacin biki da kalankuwa da sabon tuwo. Ban ce a daina rubuta masu kuɗi ba. Ko Alhajin labarinki yana da ƙauyen da ake aiko masa da sabon gero, yana da ƙanin da zai zo neman gudummawar aure. Ki bar su su shigo.

Wani kuma zai ce shi a birni aka haife shi. Ni ma haka. Diflomata ba ta noma ba ce, kuma ban taɓa riƙe lauje ba. Amma kaka na zuwa birni da ƙafarta: masu gasa masara a bakin titi, ɗanyar gyaɗa a faranti, rake a baro, motoci cike da buhuna, kwanon awo ya ɗan sauko, fatar baki ta fara bushewa da asuba.

Ita ma wayar da ta ɗauke mana ido za ta iya zama abokiyar aiki. Tana ɗaukar murya. Ka zauna da tsoho minti ashirin, ka nemi izininsa, ka tambaye shi bambancin gero da maiwa, da yadda ake sussuka da shiƙa, da yadda ake jera dami a rumbu. Kalmomin da za ka samu a wannan zama, babu manhajar da za ta ba ka su da irin wannan daɗin.

Don haka ga aikin da na ɗora wa kaina, wanda ya ga dama ya taya ni. Kafin mako mai zuwa, a rubuta shafi ɗaya tak wanda mai karatu zai gane kaka ce ba tare da an ambaci kalmar kaka ba. Ni na riga na fara gyara nawa. Jarumina yanzu ya makara zuwa zance, saboda motar gyaɗa ta lalace ta tare hanya.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi.