RA'AYINMU: KUƊIN GUZURI, A BI TA ƘOFA

Kowace shekara dubban 'yan'uwanmu mazauna Legas, Ibadan, Fatakwal da Onica sukan ƙetare ƙasa, wasu zuwa aikin Hajji ko Umra, wasu sarin haja a Dubai ko Sin, wasu kuwa neman magani a Masar ko Indiya. Damuwarsu duka ɗaya ce, wato yadda za su mai da Naira ta zama Dala ko Riyal ba tare da an cuce su ba. A ganinmu wannan magana ta isa a tsaya a duba ta, domin sau da yawa gumin shekara goma ne mutum yake ɗauka ya miƙa wa wanda bai sani ba a bakin titi.

Dattawa za su tuna cewa lokacin da aka fito da Naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, ta fi Dala daraja, har ma a 1980 Naira ɗaya ta kusa Dala biyu. Da farashin man fetur ya faɗi, kuɗin musaya suka yi ƙaranci, sai hukuma ta tsananta. A 1984 aka kama mawaƙin nan Fela Anikulapo-Kuti a filin jirgin saman Legas bisa zargin fita da kuɗin waje, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar musaya, a 1989 aka soma ba 'yan canji lasisi. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin musaya ya bar kasuwa ta yi halinta, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500.

To, mene ne hakkin matafiyi a wurin banki? Bisa ƙa'idar da aka yi aiki da ita a 2024, mai tafiyar kansa yana iya sayen Dala 4,000 a cikin wata uku, mai tafiyar kasuwanci kuwa Dala 5,000. Ana bukatar fasfo, biza, tikitin zuwa da dawowa, lambar BVN, da cika takardar da ake kira Fom A. A watan Fabrairu na 2024 aka umarci bankuna su daina biyan kuɗin guzuri a hannu, su riƙa sa su a kati. Haka kuma dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai ɗauke da abin da ya haura Dala 10,000 ya shaida wa jami'an Kwastan. Wanda ya ɓoye yana iya rasa kuɗin, ya kuma gurfana gaban shari'a.

Ba ma zargin sana'ar canji. Sana'a ce da mutanenmu suka yi fice a kanta, daga Wapa a Kano har Ikeja, kuma akwai masu amana da yawa a cikinta. Amma a watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Saboda haka ba duk mai kiran "Dala, Fam" ne yake da iznin hukuma ba, kuma wanda aka ba jabu a lungu ba shi da rasit, ba shi da inda zai kai ƙara.

Sai dai kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Abin da yake kai mutane titi shi ne jan rai a banki. Mai sayar da goro ko dillalin shanu wanda ba ya karanta Turanci, in aka ce masa je ka dawo sau uku, jirgi kuma jibi, ina zai nufa? Batun kati ma haka yake. Tsohuwar da ba ta taɓa sa kati a na'ura ba, ba a Makka za ta fara koyo ba. Hukuma ta gane haka da ta amince a biya alhazan 2025 guzurinsu a hannu, kuma mun yaba da wannan.

Bisa ga haka muna kira ga bankuna da ke kusa da Agege, Idi-Araba da Sabo ta Ibadan da su ajiye ma'aikaci mai jin Hausa a teburin musaya, su kuma faɗi ranar biya su cika alkawari. Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa bayyana wa jama'a waɗannan ƙa'idodi tun kafin lokacin Hajji. 'Yan canjinmu kuma su haɗa jari su sabunta lasisi, domin sana'ar ta ɗore ga 'ya'yansu.

Ga mai niyyar tafiya kuwa, ya buɗe asusu tun yanzu, ya je banki da zarar biza ta fito, ya tambayi ƙa'idar da ke aiki a ranar domin takan sauya. In ya zama dole ya je wurin ɗan canji, to ya nemi mai ofis da lasisi, ya ƙirga kuɗinsa a gabansa, ya karɓi rasit. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.