Faifan Ajiya Yana Nan, Amma Saba Ta Ƙi Tashi

Babu ranar da ta fi tsawo ga ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin ma'aikata kamar ranar da saba ta mutu, watau babbar na'urar nan mai riƙe da lissafin albashi da wasiƙu da takardun ofis duka. Nan da nan akan ɗauko faifan ajiya a ɗaura, a kunna, kowa ya zuba ido. Sau da yawa kuwa abin da kan biyo baya shi ne baƙin allo da gajeren saƙo cewa ba a sami abin tashi ba. Bayanai suna nan lafiya lau a cikin faifan, na'ura ce dai ta kasa gane hanyar zuwa gare su.

Dalili shi ne, kwafe fayiloli daban, kwafe hanyar tashi daban. Tashin kwamfuta tsani ne mai matakai huɗu, kuma aikin farko na mai gyara shi ne ya gane matakin da ƙafa ta zame.

Mataki na farko yana cikin jikin na'urar kanta. Tsohon tsari, wanda ake kira BIOS, yakan karanta sashen farko na faifai, mai bayit 512, inda 446 daga ciki umarnin tashi ne. Sabon tsari kuwa, UEFI, yakan nemi wani ƙaramin ɓangare na musamman a kan faifan, sa'an nan yana rubuta jerin abubuwan tashi a cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ba a kan faifai ba. Saboda haka faifan da aka shirya domin tsari ɗaya ba ya tashi a ɗayan sai an daidaita, kuma sabuwar na'ura tana iya kasa sanin faifan da aka kawo mata. A nan ya kamata a fara dubawa, tun ba a taɓa kome ba.

Mataki na biyu shi ne ƙaramar manhajar da ke kiran tsarin aiki, wadda a Linux galibi GRUB ce. Kwafen fayiloli zalla, irin wanda rsync ke yi, ba ya ɗauko sashen farko na faifai. Maganinsa shi ne a tayar da na'ura da filashin ceto, a shiga cikin tsarin da aka maido ta hanyar chroot, a sake dasa manhajar da grub-install. A Windows kuwa bcdboot ne ke wannan aiki.

Mataki na uku shi ya fi yawan kayar da mutane. Kowane ɓangaren faifai, ranar da aka tsara shi, yakan sami lambar shaida mai suna UUID. Fayil ɗin fstab da saitin GRUB suna neman tsofaffin lambobi, alhali sabon faifai yana ɗauke da sababbi. Umarnin blkid zai nuna lambobin gaskiya, sai a gyara. In kuwa an kwafi faifan ne ɗungurungum, to lambobin za su zo iri ɗaya, kuma barin tsoho da sabo a haɗe yana rikita na'ura, ta ɗauki wanda ba shi ba. Lalle a cire tsohon tukuna.

Mataki na huɗu shi ne na manhajojin da ke magana da kayan ƙarfe. Idan sabuwar saba tana da na'urar sarrafa faifai dabam da ta tsohuwar, tsarin aiki zai fara tashi, sa'an nan ya nemi faifansa ya rasa. Windows takan nuna shuɗin allo mai lamba 0x7B, a Linux kuwa sai an sake gina initramfs da dracut ko update-initramfs.

Bayan waɗannan akwai batun makulli. A ranar 19 ga Yuli, 2024, gyaran da kamfanin CrowdStrike ya aika ya hana kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5 tashi, kuma ma'aikatu da dama sun sha wuya domin faifansu a kulle yake da BitLocker, lambobin buɗewa kuwa suna cikin sabar da ita ma ta faɗi. Makullin ɗaki ba a ajiye shi a cikin ɗakin.

Ƙa'ida biyu ke tsare mai gyara: kada ya yi gwaji a kan kwafi ɗaya tilo sai ya fitar da na biyu, kuma ya sauya abu ɗaya a lokaci guda, ya rubuta. Gaggawa ta sha mai da ƙaramar matsala babbar asara.

A watan Yuni na 2017 muguwar manhajar NotPetya, wadda ke lalata sashen tashi na faifai, ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Shugabansa ya bayyana daga baya cewa sai da aka sake ɗora saba 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. In kamfani mai wannan ƙarfi ya ji jiki haka, ina ga ƙaramar ma'aikata mai saba ɗaya?

Don haka tambayar da ta kamaci shugaban ofis ba ita ce ko akwai ajiya ba, a'a, yaushe aka ɗaura faifan a wata na'ura aka ga ya tashi, kuma awa nawa aikin ya ci. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Faifan da ba a taɓa tayar da shi ba, zato ne kawai aka kulle a cikin akwati.